Hangar kwat mai araha: aikin da kafintocin Zariya za su iya da guntayen katako

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana a kan wani ƙaramin abu da ake rainawa alhali yana lalata wa mutane kaya masu tsada, wato hangar da ake rataye kwat. Masu wannan takarda teloli ne da kafintoci da masu wanki da guga a nan Zariya, garin da masu sa kwat ba su da kaɗan: lauyoyi, ɗaliban shari'a na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, ma'aikatan bankunan PZ, malaman Samaru, likitocin Shika, ga kuma angwaye masu sawa rana ɗaya su ajiye. Mutum zai kashe kuɗi mai kauri a yadi da ɗinki, sannan ya rataye kwat ɗin a siririyar wayar da mai wanki ya ba shi kyauta. Bayan wata biyu sai kafaɗa ta yi tozo, kwala ta karkace, a dawo ana cewa tela bai iya ba.

Maganarmu ɗaya ce. Hanga mai kyau ba sai an shigo da ita daga waje ba, kuma ba ta buƙatar katako mai tsada. Wuri biyu ne kawai ba a yi musu rowa, bakin kafaɗa da ƙugiya. Duk sauran jikinta ana iya yinsa da abin da ake sharewa a ƙasan shagon kafinta.

Dalilin da ya sa kwat ta bambanta da sauran tufafi yana cikin kafaɗarta. Kaftani yadi ne falle ɗaya, in ya lanƙwashe guga za ta miƙar da shi. Babbar riga kuwa tun asali ninkewa ake yi a sa a akwati, kuma haka ya fi mata, don nauyin aikin wuyanta yakan ja yadin idan ta daɗe a rataye. Amma kafaɗar kwat gini ne hawa-hawa: yadin waje, gamste ko kanbas da ke riƙe ƙirji, soson kafaɗa, sannan shafi daga ciki. Tela ya lanƙwasa su da tururi da dutsen guga har suka ɗauki siffar kafaɗar mutum. Kwat da wando na ulu sukan kai kilo ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan wannan nauyi ya hau kan waya mai kaurin milimita 2, duk yana taruwa ne a layi ɗaya siriri, sai soson ya karye a wurin, yadin ya miƙe. Ulu yakan ɗan dawo idan an ba shi tururi. Soson da ya karye da gamsten da ya saki ba sa dawowa sai an farke kafaɗar an sake.

Ita hangar waya ma ba don kwat aka yi ta ta daɗe a kai ba. Ana danganta ta da wani ma'aikacin kamfanin waya mai suna Albert Parkhouse a garin Jackson na jihar Michigan ta Amurka a 1903, kuma tun a 1932 wani Schuyler Hulett ya yi rajistar dabarar sa mata bututun kwali don kada ta yi wa tufafi shaida. Ke nan su ma masu ita sun daɗe da ganin aibinta. Amfaninta shi ne ɗauko kaya daga wurin wanki zuwa gida, shi ke nan.

Sai awo, wanda shi ne aka fi kuskurewa. A shimfiɗa kwat ɗin a tebur, a auna ta baya daga ɗinkin da hannu ya haɗu da kafaɗa zuwa na ɗaya gefen. Faɗin hanga ya gaza wannan awo da kamar santimita 1 a kowane gefe. Idan ta yi gajarta, soson kafaɗa zai zubo ta bakinta ya karye. Idan ta yi tsawo, za ta tokare cikin hannun riga ta fito da ƙullutu a wurin da guga ba ta isa da kyau. Girma uku sun ishi kasuwa: santimita 40 don mata da samari marasa jiki, 43 don yawancin maza, 46 don masu faɗin kafaɗa. Kafintan da ke aiki da inci ya riƙe 16 da 17 da 18. Kada a yi girma ɗaya a ce kowa ya yi haƙuri.

Bayan faɗi akwai awo uku. Na farko kaurin bakin kafaɗa, wanda ya kamata ya kai santimita 4 da rabi zuwa 6, yana raguwa a hankali har ya koma kamar santimita 2 a wuya. Na biyu gangara: daga gindin wuya zuwa baki, hanga ta sauka da santimita 6 zuwa 7, wato digiri 15 zuwa 18. In ta miƙe sosai, bakin ne kaɗai zai ɗauki nauyi. In gangarar ta yi yawa, nauyin zai koma kan kwala, rigar kuma ta riƙa zamewa. Na uku shi ne wanda kusan duk hangar kasuwa ba ta da shi, wato lanƙwasa zuwa gaba. Kafaɗar ɗan Adam ba a miƙe take kamar allo ba, ta ɗan rusuno gaba, kuma a kan haka tela ya yanka kwat. Idan aka kalli hangar daga sama, bakunan biyu su shigo gaba da santimita 2 zuwa 3. Wannan ne ke sa gaban kwat ya zauna a rufe, bayanta kuma bai tattare ba.

Yanzu katako. Kuskuren da sabon hannu ke yi shi ne ya zana hangar gaba ɗaya a kan faffaɗan katako ya yanke ta guda. Ɓarna biyu ke nan. Katako mai yawa yana tafiya a banza, sannan jijiyar icen ba ta bi tsawon hannun hangar ba, ta ratsa shi a karkace, don haka faɗuwa ɗaya a siminti tana iya raba ta. Abin da ya fi ƙarfi kuma ya fi araha shi ne a yi hannaye biyu daban, kowanne daga guntun tu-bai-tu, wato katako mai inci 2 a kowane gefe, mai tsawon santimita 25, jijiya na bin tsawonsa, a haɗa su a tsakiya. Irin waɗannan guntaye suna zube a kowane shagon masu kujeru da gadaje a Sabon Gari da Tudun Wada, galibi murhu suke ƙarewa.

Haɗin tsakiyar shi ne ran aikin. A yanke kan kowane hannu a karkace ta fuska biyu, ɗaya don gangara ɗaya don lanƙwasar gaba. Kada a manna kai da kai da gam kawai, domin ƙarshen jijiyar katako yana shanye gam kuma haɗin ba ya riƙewa. A tsaga kowane kai da zarto, zurfin santimita 3, a soka ɗan falle na filawud mai kaurin milimita 6 ya shiga duka biyun, a shafa farin gam na katako irin Top Bond, a matse, a bar shi ya kwana. Ƙusa ba ta da wuri a nan, tana tsaga siririn katako kuma tana tsatsa. Wanda zai yi da yawa ya kafa wa kansa akwatin yanka mai tsagar zarto a daidai kusurwar, don kada ya riƙa awo kowane lokaci. A nan ne arahar take fitowa, saboda abin da ke cin kuɗi a hanga lokacin ma'aikaci ne, ba icen ba.

Malaina ya dace da wannan aiki: ba shi da nauyi, yana sassaƙuwa, ba ya yawan murɗewa. Maɗaci da iroko sun fi kyan gani da ƙarko, amma suna iya fitar da launi idan danshi ya taɓa su, don haka sai an rufe su da fenti sosai. A guji maje da duk icen da ke tsatso ƙaro. Abin da ya fi nau'in ice muhimmanci a garinmu shi ne bushewa. Yawancin katakon da ake sayarwa a timba daga kudu yake zuwa da ruwansa. Idan aka yi hanga da shi a watan Agusta, hunturu na shigowa a Disamba zai tsotse ruwan, icen ya ƙanƙance, haɗin ya buɗe, ramin ƙugiya ya yi sako-sako. A jera guntayen a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakaninsu iska na ratsawa, a bar su makonni kafin a taɓa. Wanda ya yi aikinsa da rani ya huta da wannan matsala.

Wanda ba shi da guntayen katako yana iya amfani da filawud mai kaurin milimita 18. Falle ɗaya mai ƙafa 4 da ƙafa 8 yana fitar da jikin hanga wajen 50 idan an ba kowace santimita 45 da 12, fiye da haka ma idan an jera zanen ɗaya cikin ɗaya. Milimita 18 bai isa kafaɗa ba, saboda haka a manna kumatu biyu daga ragowar fallen a kowane baki, gaba da baya, tsawon santimita 12. Hawa uku sun ba da milimita 54, daidai abin da ake nema. A sa magagari a kashe kusurwoyin har bakin ya yi zagaye kamar bayan cokali. Lanƙwasar gaba ba ta samuwa a filawud kai tsaye, amma ana kusantarta ta hanyar barin kumatun gaba da kaurinsa a rage na baya. Raunin filawud shi ne gefensa: yana da kaushi, kuma idan aka murɗa ƙugiya mai sukuru a cikinsa ba tare da an fara huda rami ba, fallayen sukan rabu. Allon garin katako da ake kira MDF kuwa kada a kusance shi, da ya sha danshin damina yake kumbura ya saki ƙugiya.

Ƙugiya a yi ta da waya mai kaurin milimita 4, wadda aka yi wa rufin hana tsatsa. Ƙarfin waya wajen ƙin lanƙwasa ba ya ƙaruwa daidai da kaurinta, ninkawa yake yi sosai: mai milimita 4 ta fi mai milimita 2 tauri sau 16, mai milimita 3 kuma ta fi mai milimita 2 kamar sau 5. Kowace ƙugiya tana cin kamar santimita 25 na waya, kuma kilo ɗaya na mai milimita 4 yana da tsawon kusan mita 10, ke nan ƙugiya 40 a kilo. A lanƙwasa ta a jikin guntun fayif ɗin ƙarfe yadda cikin bakinta zai kai santimita 4 da rabi zuwa 5, don ta hau sandar wadirob mai kaurin inci ɗaya ko ɗaya da kwata ba tare da tilas ba. A goge bakin wayar da magagari, kaifinsa yana yage shafin rigar da ke kusa.

Abu biyu ake dubawa wajen dasa ta. Ƙololuwar ƙugiyar ta faɗo daidai kan tsakiyar hangar idan an sauke zare, in ba haka ba hangar za ta karkata, kwat ta zame gefe ɗaya, kafaɗa ɗaya ta ɗauki nauyin biyu. Sannan kada a dogara da murɗawa cikin ice. A huda rami mai milimita 4 da rabi daga sama har ƙasa, ta cikin ɗan fallen da ya haɗa hannayen, a zura wayar, a sa wasa, wato ɗan faifan ƙarfe mai rami a tsakiya, daga ƙasa, a daki ƙarshen wayar da guduma ya baje. Haka ƙugiyar za ta riƙa juyawa kuma ba za ta taɓa zarewa ba. A ɗan faɗaɗa ramin ta ƙasa don kan wayar ya nutse ciki, kada ya taɓa yadi. Tsawon wuyan ƙugiya daga jikin hanga zuwa sama ya kai santimita 9 ko 10, don kwala kada ta riƙa gogar sanda.

Sandar wando tana da nata sharaɗi. Siririya tana yi wa wando kari a gwiwa, mai santsi kuma tana zubar da shi ƙasa. Kaurin milimita 14 zuwa 16 ya yi, tsohuwar sandar mofa ma ta yi idan an goge ta. A naɗe ta da ƙyallen karan-miski ko fulanel daga ragowar da teloli ke zubarwa, a manna da siririn gam, haɗin ƙyallen ya koma ƙasa. Wasu suna naɗa robar tub ɗin babur saboda tana riƙe wando. Ba mu goyi bayan haka ba, domin da zafin Maris da Afrilu robar takan yi danƙo ta bar baƙin layi a yadi mai haske. A bar tazarar da hannu zai shiga tsakanin sandar da jikin hanga, aƙalla santimita 5 a tsakiya.

Gamawa kuma aikin haƙuri ne. Sanfefa mai lamba 80, sai 120, sai 180 ko 220. A shafa silar katako, wato ruwan da ke toshe ƙofofin ice kafin banish, a sake gogewa kaɗan, a bi da banish shafi biyu marasa kauri. Sheƙi mai yawa ba alheri ba ne, yana sa shafin kwat ya riƙa sulɓewa. Baƙin mai da maganin gara da ake shafa wa katakon rufi haramun ne a wannan aiki, warinsu da maiƙonsu suna shiga yadi ba sa fita. A bar hangar mako guda a iska kafin a ɗora mata riga, don banish da bai gama bushewa ba yana manne wa shafi.

Kafin a kai kasuwa a gwada abu uku. A rataya galan mai lita 5 na ruwa a sandar wando ya kwana, a ga ko ƙugiya ta buɗe ko haɗi ya motsa. A goga farin ƙyalle mai danshi a jikinta da ƙarfi, a ga ko launi ya fito. A ja guntun yadin shafi a kan kowane gefe, duk inda ya kama zare a koma da sanfefa.

Ga ɗalibi ko wanda aljihunsa bai kai ko wannan ba, akwai gyaran da zai yi da kansa. A haɗa hangar waya uku a naɗe su da salatif su zama ɗaya. A samu fayif ɗin roba na ruwan wanka mai faɗin inci 2, a yanka santimita 15, a tsaga shi biyu ta tsawo, kowane ɓari ya zama murfin kafaɗa ɗaya mai faɗin santimita 5. Mita ɗaya na fayif yana wadatar da hanga 6. A zagaye bakin da magagari, a tsoma shi a tafasasshen ruwa ya yi laushi a lanƙwasa shi ƙasa kaɗan. Kada a kai shi wuta, hayaƙin wannan roba yana da illa ga ƙirji. A huda ƙananan ramuka biyu-biyu a ɗaure shi a jikin wayar, sannan a sa masa rigar ƙyalle. Ba ta da kyan gani, amma kafaɗar kwat ba ta san bambanci ba.

Muna da kira ga masu masana'antun roba na Kano, na Sharaɗa da Bompai da Challawa. Yawancin hangar roba da ke kasuwa faɗin kafaɗarta bai wuce yatsa ba, kuma ƙugiyarta ta roba ce, ita ce ke fara karyewa. Kafaɗa mai faɗin santimita 5 ba ta buƙatar roba mai yawa idan an yi ta da rami ta ƙasa, bangonta milimita 2 da rabi zuwa 3, da 'yan haƙarƙari a ciki suna tokare ta. A yi ta da irin robar bokiti mai lanƙwasa, ba mai tsagewa kamar gilashi ba, a sa mata ƙugiyar ƙarfe. Mun san kuɗin sassaƙa mazubin ƙarfe yana da nauyi, sai an buga dubbai ake mayar da shi, shi ya sa wannan hanya ta masu jari ce, ta katako kuma ta ƙananan shaguna. Sashen zane-zanen masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli za su taimaka ƙwarai idan ɗalibansu suka fitar da samfurin girma ukun nan a takarda, da cikakken awo, aka raba wa kafintoci su kwafa a kwali.

'Yan uwanmu teloli kuma, duk wanda ya ɗinka kwat ya miƙa ta a kan hangar da ta dace da awon mai ita, ya sa kuɗinta cikin kuɗin ɗinki. Awon yana hannunsa tun ranar farko, kuma sunansa ne ke ɓaci idan kafaɗa ta faɗi. Masu wanki su riƙa gaya wa mai kaya ya sauya hangar waya da ya isa gida.

Ko hanga ta yi kyau, ajiya tana iya ɓata ta. A kwashe wayar hannu da makullai daga aljihu kafin a rataye. A cire ledar mai wanki, musamman daga Yuni zuwa Satumba, don tana kulle danshi ta jawo fumfuna. Da hunturu a rufe kwat da jakar yadin auduga saboda ƙura. Kafur na korar asu a sa shi cikin ɗan ƙyalle a gefe, kada ya taɓa yadin ko hangar roba. Wadirob ya kai zurfin santimita 60 don kada ƙofa ta matse kafaɗa, a kuma bar tazarar yatsu uku tsakanin riga da riga. Wanda ɗakinsa ba wadirob, kada ya rataya hanga a ƙusar bango, domin bayan kwat zai riƙa gogar fenti yana shan sanyin bangon. Mai walda zai yi masa ɗan ƙarfe mai fitowa santimita 30 daga bango, da ɗan tudu a bakinsa don kada ƙugiya ta zame.

Mun gode da filin da aka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu teloli, kafintoci da masu wanki da guga,
Sabon Gari, Zariya.